Ɗaurin shekara 25 bai hana sare ƙahon karkanda ba: ina gizo ke saƙar?

A shekarar 2006 wasu masana dabbobin dawa suka karaɗe dazuzzukan arewacin Kamaru, can yankin da ke kewaye da Garwa, suna neman sawun karkanda. Sun duba mashaya, sun duba kashi, sun tambayi mafarauta da makiyaya. Ba su ga ko ɗaya ba. Bayan shekara biyar, a 2011, ƙungiyar IUCN mai lissafin halittun da ke bakin ƙarewa ta sanar cewa baƙar karkanda ta yammacin Afirka ta ƙare a duniya. Dabbar da kakanninmu suka sani har suka raɗa mata suna da Hausa, ta tafi ke nan. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a duk tsawon shekarun da ake kashe ta ɗaya bayan ɗaya, akwai doka a Kamaru da ta hana taɓa ta, akwai kuma yarjejeniyar duniya da ta haramta cinikin ƙahonta tun 1977.

Saboda haka duk lokacin da na ji ana kiran a ƙara tsaurara dokar kare karkanda, sai in tambayi kaina: wane ɓangare na dokar ake nufi? Domin maganar tana da rassa, kuma reshen da 'yan siyasa suka fi son kamawa shi ne mafi sauƙi.

Ƙahon karkanda da farcen ɗan Adam da gashin kansa duk abu ɗaya aka yi su da shi, wani sinadari da ake kira keratin. Babu wani binciken likitanci da ya tabbatar yana warkar da ciwon daji ko wata babbar cuta. Duk da haka, a shekarun 1970 da 1980 kasuwar Yaman ta haɗiye ƙaho mai yawa saboda ƙotar wuƙar da maza ke ɗaurawa a ƙugu, ga kuma masu maganin gargajiya a gabashin Asiya. A wannan zamanin ne baƙar karkanda ta Afirka ta faɗo daga wajen 65,000 a 1970 zuwa ƙasa da 2,500 a tsakiyar shekarun 1990. Daga baya kasuwa ta koma Biyetnam da Sin. A can ana niƙa shi a sha da ruwa, ana sassaƙa shi a yi awarwaro da kofi, ana kuma ba da shi kyauta ga wanda ake neman alfarma a wurinsa. Ya zama abin nuna arziki. An sha ambata dala 60,000 a matsayin kuɗin kilo ɗaya a lokacin da kasuwar ta fi zafi.

Afirka ta Kudu ce ke riƙe da mafi yawan karkandan duniya, kuma alkalumanta sun isa su nuna girman bala'in. A 2007 an kashe 13 kacal. A 2014 an kashe 1,215. Daga nan adadin ya riƙa sauka har ya kai 394 a 2020, shekarar da korona ta rufe iyakoki, sai ya sake hawa zuwa 499 a 2023, ya dawo 420 a 2024. Kada wannan saukar ta ruɗe mu. Wani ɓangare na dalilinta shi ne dabbobin da za a kashe ɗin sun ragu. Gandun dajin Kruger yana da farar karkanda fiye da 10,000 a 2011, amma bayan shekara goma sha ɗaya abin da ya rage bai wuce wajen 2,000 ba. Da Kruger ta yi ƙaranci sai ɓarayin suka juya zuwa lardin KwaZulu-Natal, inda a 2023 kaɗai aka kashe 307 a gandun Hluhluwe-iMfolozi. Wannan gandu kuwa shi ne wurin da aka ceto farar karkanda ta kudu a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da ba su kai ɗari ba. Karkanda na ɗaukar ciki wata 15 zuwa 16, ta haifi ɗa guda, sai bayan shekara biyu da rabi ko uku ta sake haihuwa. Idan aka kashe uwa, an kashe ɗan da take shayarwa da duk waɗanda za ta haifa nan gaba.

Wa ke yin kisan? Yawanci mutum uku ne ke tsallaka shinge cikin dare, musamman idan akwai farin wata. Ɗaya na riƙe da bindiga, ɗaya da gatari, ɗaya da ruwa da guzuri. Da yawansu samari ne daga ƙauyukan da ke maƙwabtaka da gandun, ko daga gundumar Massingir ta Mozambik da ke jikin iyakar gabas ta Kruger. Sama da su akwai wanda ya ba da bindiga da mota ya karɓi ƙaho. Sama da shi akwai dillalin birni, sai mai fitar da kaya ta filin jirgi ko tashar ruwa, sai babban mai saye a Asiya. Kowane hawa ka hau, kuɗi na ƙaruwa, haɗarin kamu na raguwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Yaron da ke ƙasa shi ake harbewa a daji ko a ɗaure, kuma kafin a gama shari'arsa an sami wani ya maye gurbinsa, domin talauci bai ƙare a ƙauyensu ba.

Abin da ƙasashe suka fara yi shi ne ƙara nauyin hukunci, kuma ba zan ce kuskure ba ne. A Kenya, kafin 2014, tarar da ake ci wanda aka kama da hauren giwa ko ƙaho ba ta wuce shilin 40,000 ba, kuɗin da dillali zai zaro daga aljihu a harabar kotu ya biya ya kama gabansa. Dokar kare namun dawa ta 2013, wadda ta fara aiki a Janairun 2014, ta kai hukuncin zuwa tarar shilin miliyan 20 ko ɗaurin rai da rai. A wannan watan aka ci wani ɗan ƙasar Sin tarar miliyan 20 ɗin bayan an kama shi da haure a filin jirgin Nairobi. Kenya ta yi asarar karkanda 59 a 2013. A 2020 ba a kashe ko ɗaya ba.

Sai dai Namibiya ma ta yi irin wannan gyara a 2017, ta kai hukunci zuwa ɗaurin shekara 25 da tarar dalar Namibiya miliyan 25. Duk da haka ma'aikatar muhallinta ta sanar cewa kisan ya tashi daga 45 a 2021 zuwa 87 a 2022, fiye da rabi a gandun Etosha da ake taƙama da tsaronsa. Ashe ke nan lambar da aka rubuta a kundi ba ita kaɗai ta yi aiki a Kenya ba. Kenya ta haɗa da horar da masu gabatar da ƙara na musamman, ta buɗe ɗakin gwajin ƙwayoyin halitta na hukumar namun dawa a 2015, ta sa wa karkanda alama a kunne da na'ura a ƙaho, ƙungiyoyin sa-kai kuma suka riƙa zama a kotuna suna bin kowace shari'a don kada fayil ya ɓata. Ko a can ma ba a rasa tuntuɓe ba: Feisal Mohamed Ali, wanda aka ɗaure shekara 20 a 2016 kan hauren giwa a Mombasa, kotun sama ta soke hukuncinsa a 2018.

Akwai wata fa'ida ta tsananin hukunci da ba a cika bayyana wa jama'a ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan gungun masu laifi da ke aiki tsakanin ƙasashe ta ce babban laifi shi ne wanda hukuncinsa zai iya kai ɗaurin shekara huɗu ko fiye. Idan dokar ƙasa ta ajiye fataucin ƙaho ƙasa da wannan mizani, da wuya ta iya neman wata ƙasa ta miƙo mata wanda ake zargi, ko ta buɗe mata bayanan banki. Shi ya sa Babban Zauren Majalisar ya yi kira a 2015 da a ɗauki fataucin namun dawa a matsayin babban laifi. A nan amfanin ɗaga hukunci shi ne buɗe ƙofar haɗin kai tsakanin masu bincike, ko da bai tsorata ɓarawon da ke daji ba.

Wani lokaci kuma ita dokar ce ke barin kafa. A 1994 aka sassauta matsayin farar karkandar Afirka ta Kudu a yarjejeniyar CITES, wato waccan ta duniya da ta haramta cinikin ƙaho a 1977, aka yarda mafarauci mai lasisi ya harbi ɗaya ya tafi gida da ƙahon a matsayin abin tunawa. Sai kwatsam aka ga masu neman lasisi daga Biyetnam sun yi yawa, mutanen da wasunsu ba su taɓa riƙe bindiga ba. Wani ɗan Tailan, Chumlong Lemtongthai, ya riƙa ɗauko matan Tailan da ke aiki a gidajen rawa na Afirka ta Kudu, a cike takardu da sunansu, wani ya yi harbin, a ɗauke su hoto kusa da gawar, ƙaho ya fita da hatimin gwamnati zuwa wani kamfani a Laos. A 2012 kotu ta yanke masa shekara 40. Ɗaukaka ƙara ta mai da shi 30, ta sake mai da shi 13, a 2018 ya fito ya koma ƙasarsu. Mutumin da ake zargin shi ne uban gidansa, Vixay Keosavang, Amurka ta sa ladan dala miliyan ɗaya a 2013 ga wanda zai taimaka a rusa ƙungiyarsa, amma ba a gurfanar da shi kan wannan ba. An kashe maciji ba a sare kansa ba.

Inda abin ya fi ruɓewa shi ne tsakanin kamu da hukunci. An kama Dawie Groenewald, mai gonar namun dawa a lardin Limpopo na Afirka ta Kudu, a 2010, tare da wasu likitocin dabbobi, aka jera musu tuhume-tuhume fiye da dubu. Shari'ar ta shafe fiye da shekara goma ana ɗagewa yana waje a kan beli. A irin wannan jan ƙafa shaidu na mutuwa, wasu su manta, wasu a tsorata su. Mai kuɗi na da lauyoyin da za su yi ta kawo ƙorafi kan ƙorafi, shi kuwa yaron da aka kama da gatari a hannu cikin 'yan watanni an gama da shi.

Su kuma masu gaskiya a cikin ma'aikata da ransu suke biya. A watan Maris na 2020 aka harbe Laftanar Kanar Leroy Bruwer, ɗan sandan da ke binciken manyan dillalan ƙaho a lardin Mpumalanga, yana kan hanyarsa ta zuwa aiki. Ranar 26 ga Yulin 2022 aka je har gida aka harbe Anton Mzimba, shugaban masu gadin gandun Timbavati da ke maƙwabtaka da Kruger, a gaban iyalinsa, aka raunata matarsa. Kowa a yankin ya san shi da ƙin karɓar cin hanci. Ka yi tunanin ƙaramin mai gadi da albashinsa bai taka kara ya karya ba, an zo masa da zaɓi biyu: ya faɗi inda dabbobin suke kwana a ba shi kuɗin da ya fi albashinsa na wata da wata, ko a ziyarci gidansa. Da ɗan gari akan ci gari, kuma ɓarayin ƙaho sun fi kowa sanin haka. Dokar da ba ta tanadi kariya ga shaidu da masu gadi da masu gabatar da ƙara ba, ta bar su su kaɗai a gaban bindiga.

Wani bincike da aka wallafa a mujallar Science a watan Yunin 2025 ya sa mutane da yawa sun sake tunani. Masu binciken sun duba gandaye 11 a yankin Kruger daga 2017 zuwa 2023. An kashe kimanin dala miliyan 74 kan masu gadi da karnuka da jirage masu saukar ungulu da kyamarori, an kama mutum fiye da 700, amma lissafi bai nuna wannan ya rage kisan ta yadda za a iya aunawa ba. Abin da ya rage shi da kashi 78 cikin ɗari shi ne yanke ƙahon: likitan dabbobi ya sumar da karkanda, a datse ƙahon da zarto sama da tushensa, ta farfaɗo ta tafi. Wannan aikin bai ci fiye da kashi ɗaya da ɗoriya na kasafin ba. Bai kamata a karanta wannan a ce gadi ba shi da amfani ba. Masu binciken da kansu sun nuna cewa cin hanci da raunin kotuna ne ke zubar da wahalar masu gadin. Shi ma yanke ƙaho ba magani ne na dindindin ba, domin ƙahon na sake tsirowa, sai an maimaita bayan shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma akwai ɓarayin da ke kashe dabbar saboda guntun da ya rage. Ni dai ina jin nauyi a zuciyata cewa sai mun raba dabba da makaminta kafin mu iya kare ta daga mutane.

To, wace irin doka ce ke kaiwa ga manyan dillalai? Wadda ke bin kuɗi. Afirka ta Kudu na da dokar yaƙi da gungun masu laifi ta 1998, wadda ke ba da damar tuhumar mutum da halatta kuɗin haram da ƙwace dukiyarsa, ko da bai taɓa taka daji ba. Da aka fara amfani da ita da gaske, bayanan banki ne suka tona asirin wasu masu gadin Kruger da 'yan uwansu da ake zuba wa kuɗi a asusu. Akwai kuma rumbun RhODIS da jami'ar Pretoria ta kafa a 2010, inda ake ajiye bayanan ƙwayoyin halittar karkanda. Idan aka kama ƙaho a filin jirgin wata ƙasa mai nisa, ana iya danganta shi da gawar da aka tsinta a wani kwari a wata rana, sai zancen "tsintarsa na yi" ya faɗi a gaban alƙali.

Mozambik misali ce mai ƙarfafa gwiwa. Kafin 2014 farautar sata a can kusan laifin tara ne kawai, shi ya sa iyayen gidan ɓarayi suka gina manyan gidaje a Massingir suna yawo a fili. Dokar 2014 da gyaran da aka yi mata a 2017 sun kai hukunci zuwa shekara 16, suka kuma haɗa da mai ba da kuɗi da mai safara. A Yulin 2022 aka kama Simon Ernesto Valoi, wanda aka fi sani da Navara, a wani tarko da aka ɗana masa, a 2024 kotu ta ɗaure shi shekara 27 kan laifuffuka da dama ciki har da halatta kuɗin haram. Haka Moazu Kromah, ɗan Laberiya da ke zaune a Yuganda: an kai shi Amurka a 2019, ya amsa laifin safarar ƙaho wajen kilo 190 da hauren giwa tan 10, aka ɗaure shi wata 63 a 2022. Wata 63 kaɗan ne idan aka auna da ɓarnar, amma an kai ga hawan da ba a saba kaiwa ba.

A ɓangaren masu saye, Biyetnam ta gyara kundin hukunta laifuffukanta, daga Janairun 2018 mai fataucin ƙaho na iya shan ɗaurin shekara 15. Sin ta haramta cinikin tun 1993, sai a Oktoban 2018 ta sanar za ta yarda a yi amfani da ƙahon dabbobin kiwo a asibitoci, duniya ta yi ca, ta jingine shirin bayan makonni biyu.

Wannan ya kawo mu ga gardamar da ta raba kan masu kare karkandar su kansu: a halatta cinikin ƙaho ko a'a? Masu goyon baya na cewa tunda ƙaho na tsirowa, a yanka a sayar a fili, kuɗin ya biya gadi, farashi ya faɗi. John Hume, wanda ya tara farar karkanda wajen 2,000 a gonarsa da ke Afirka ta Kudu, shi ne kan gaba a wannan ra'ayi. Ya kai gwamnati kotu kan hana cinikin cikin gida da aka yi a 2009, ya yi nasara a 2017. Kuɗin gadi ya cinye shi, a 2023 ƙungiyar African Parks mai kula da gandayen daji ta sayi gonar da niyyar mai da dabbobin daji. A Agustan 2025 aka gurfanar da shi da wasu mutum biyar bisa zargin sun yi amfani da lasisin cinikin cikin gida wajen karkatar da ƙaho 964 zuwa kasuwannin Asiya, zargin da kotu ce za ta tantance shi. Ƙasar Eswatini ta nemi izinin sayar da nata ƙahon a tarukan CITES na 2016 da 2019 da 2022, duk aka ƙi. Ina ganin ƙin ya yi daidai. Hukumomin da suka kasa bambance mafarauci na gaskiya da matar da aka ɗauko daga gidan rawa, ta yaya za su bambance ƙahon halal da na sata idan sun cakuɗe a kasuwa ɗaya? Masu wancan ra'ayi suna da gaskiya a abu guda: kiwon karkanda na da tsada, kuma wanda ya hana su sayarwa ya kamata ya faɗi inda kuɗin gadi zai fito.

Akwai kuma mutanen da ke zaune a bakin shinge, waɗanda sau da yawa ake mantawa da su idan ana rubuta doka. A 1969 gwamnatin wariyar launin fata ta kori al'ummar Makuleke daga ƙasarsu a arewacin Kruger don a faɗaɗa gandun, sai 1998 aka mai da musu da haƙƙinsu. Wanda aka kori kakansa saboda dabbobi, giwa na cinye masa gona, bai taɓa shiga gandun a matsayin baƙo ba, da wuya ya ɗauki waya ya tona asirin ɗan maƙwabcinsa. Namibiya ta yi dokar 1996 da ta ba ƙauyuka ikon kafa yankunan kiyaye dabbobi su ci moriyar masu yawon buɗe ido, kuma a yankin Kunene 'yan ƙauyen ne ke bin sawun baƙar karkanda suna gadinta. Labarin da ke sa a tare ɓarawo kafin ya harba daga bakin irin waɗannan mutane yake fitowa.

Mu a Najeriya ba mu da sauran karkanda a daji, amma hannunmu na cikin maganar, domin tashoshin ruwan Legas sun yi suna wajen fitar da hauren giwa da ɓawon ɗan-kunya, kuma dillalan waɗannan kaya sukan zama su ne dillalan ƙaho. Dokarmu ta 1985, ko bayan gyaran 2016, ba ta ba masu bincike isasshen iko ba. A Janairun 2024 gwamnati ta niƙe hauren giwa tan biyu da rabi a Abuja, a Oktoban 2025 kuma Majalisar Dattawa ta amince da sabon ƙudurin kare dabbobin da ke bakin ƙarewa, wanda ya tanadi bin diddigin kuɗi da ƙwace dukiya da hanzarta shari'a. Waɗannan ukun su ne wuraren da shari'o'in Afirka ta Kudu suka yi ta maƙalewa, kuma a kansu ya kamata a sa ido.

A maƙwabciyarmu Chadi, an daina ganin karkanda tun farkon shekarun 1970. A watan Mayun 2018 aka ɗauko baƙaƙe shida daga Afirka ta Kudu a jirgin sama aka sauke su a gandun Zakuma, bayan an shafe shekaru ana gyara tsaronsa tare da ƙauyukan da ke kewaye. Huɗu suka mutu cikin 'yan watanni, ba da harsashi ba, abincin wurin ne bai karɓe su ba. Biyu mata suka rayu. A Disambar 2023 aka ƙara kawo biyar. Ba irin ta Kamaru ba ce, waccan babu inda za a samo ta, 'yar uwarta ce ta kudu ake koya wa cin ganyen Sahel.